Miyar Kuka a Lagireton Motar Baba

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da muka kai ƙanwata Rakiya ɗakin mijinta a Gwaram ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarmu ba za su bari ba. Har yau in na ratsa ta majalisar mai shayi sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Injiniya, yau me za a ɗora?" a kwashe da dariya. Nakan yi yaƙe in ɗaga musu hannu, don in ka nuna abu yana ci maka rai, gishiri ka ƙara wa masu tsokana. Amma yana ci min rai ƙwarai. Tunda kowa ya ba da labarin yadda ya ga dama, bari ni ma in ba da shi da bakina.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, direba ne. Da ƙuruciyarsa ya yi wa wani Bature mai aikin hanya tuƙi, da Baturen zai koma ƙasarsu sai ya bar masa motarsa ta yawo. Ja ce, mai ƙofa biyu, gabanta dogo, bayanta gajere, ga ta ƙasa-ƙasa kamar mai shirin rarrafe. Kujerar bayanta kuwa ko akuya aka saka sai ta yi ƙorafi. A duk Birnin Kudu babu irinta. Baba ba ya fito da ita sai ranar Juma'a, ya wanke ta da kansa, ya ɗora ni a gefensa mu tafi masallaci mutane suna bin mu da kallo. Wata rana injinta ya buga, kayan gyaranta suka yi wuya, ƙarfin Baba kuma ya ja baya, sai aka tura ta ƙarƙashin tsamiyar da ke filin gidanmu wajen turken dabbobi. Nan ta zauna sama da shekara ashirin. Tayoyinta suka sace suka nutse a ƙasa, kaji suka mai da ita wurin saka ƙwai.

Bayan rasuwar Baba, babban wanmu Alhaji Sani, mai fataucin riɗi a kasuwar Sara, ya sa wa filin nan ido yana son gina sito. Duk ranar da 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, suka biyo ta layinmu, sai ya ta da maganar. Mahaifiyarmu Inna kuwa amsarta ɗaya ce: "Ku bar ta." Ba ta ƙari, ba ta bayani. Yaya Sani zai yi gunaguni ya kaɗa rigarsa ya fita, amma bai taɓa tsallake maganarta ba. Ku lura da kyau, motar nan tana zaune lafiyarta ƙalau, babu abin da ke barazana gare ta, sai da ni na buɗe baki.

Ni malamin firamare ne, kimiyya nake koyarwa. In sha'ani ya tashi a gidanmu, aikina sananne ne: shimfiɗa tabarmi, rabon goro, nuna wa baƙi inda buta take. Da aka sa ranar auren Rakiya (ita ce autarmu, ta gama karatun jinya ta kawo wani malamin gona ɗan Gwaram ta ce shi take so), muka taru a ɗakin Inna don kowa ya faɗi abin da zai ɗauka. Yaya Sani ya ɗauki gado da kujeru, sauran 'yan'uwa kowa ya ɗauki nasa. Da aka zo kaina, kafin in ce uffan, Yaya ya juyo yana murmushi ya ce, "Shi kuma Malam sai ya taimaka mana da addu'a."

Aka yi dariya. Ba wata dariyar mugunta ba ce, amma ni ta sauka min a ƙahon zuci.

"Ni zan kai amarya," na ce. "A motar Baba."

Yaya ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Wannan akurkin kajin?"

"Shi. In bai kai Rakiya har ƙofar gidan mijinta ba, ka kira 'yan gwangwan su yanka shi, ka gina sitonka. Ba zan ce kanzil ba."

Inna ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ka ji abin da ka faɗa?"

"Na ji, Inna."

"Kin dai ji da kunnenki, Inna," in ji Yaya Sani yana kakkaɓe hularsa.

Inna ta ci gaba da jan carbinta. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya, ni kuwa ranar nawa bakin wuyan motar ubana ya nufa. (Wata gwaggonmu ta tuna min cewa a al'ada wa ba ya kai ƙanwarsa ɗakin miji, aikin iyaye mata ne da ƙawaye, motoci kuma abokan ango ke kawowa. Na ce mata ai ba a matsayin wa zan je ba, a matsayin direba zan je. Kun ga tun daga nan ma na fara yi wa kaina fatawa.)

Tun ƙarshen damina na duƙufa. Ilimina na kanikanci duka a waya yake, bidiyon wasu Turawa masu furfura da ke gyara irin waɗannan motoci a gidajensu, garejinsu fes, kowace sifana da ƙusarta a bango. Ni garejina inuwar tsamiya ce, sifanun kuma rabi na Baba ne da suka yi tsatsa, rabi aro. Da igiyar rijiya da reshen tsamiya muka ɗaga injin, ni da maƙwabta muna ta "ja, ja, saki kaɗan." Notuna da ƙusoshi a kwanukan matata Zulai na jera su, kowane sashe da kwanonsa, har ta kai sai ta zo wajena aron kwanon da za ta zuba min tuwo.

Fistin duka sun manne da silinda kamar ƙanzo a tukunya. Na jiƙa su da kananzir da baƙin mai, kullum kafin in tafi makaranta in bubbuga su da guntun katako, in na dawo in sake. Ranar da na farko ya motsa, saura kaɗan in rangaɗa guɗa. Na je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano na sha yawo rumfa-rumfa kafin in samu ringin fistin da ya yi daidai. Gaskit, takardar da ake sawa a mahaɗar ƙarafan inji, da hannuna na yanka, ina bin bakin ƙarfe da ƙaramar guduma a hankali har takardar ta fita da siffar da ake so. Kafireta, mai shayar da inji fetur, biyu gare ta (Baturen nan bai san za a yi zamanin tsadar mai ba), na wargaza su na bi kowace kafa da tsinken tsintsiya. Hannuwana suka yi baƙi ƙirin har ɗalibaina suna tambayata ko rini na fara.

Duk wanda ya ba ni shawarar in kira bakanike sai in ce masa hannun bare ba zai taɓa motar Baba ba. Na faɗa a majalisa, na faɗa a ɗakin malamai, na faɗa a ƙofar masallaci bayan sallar Asuba. Babu wanda ya tambaye ni, ni nake tare mutane ina gaya musu.

Zan faɗi wata gaskiya ko da ba ta tsinana min komai ba: injin nan na gyara shi. Biki ya matso, na mayar da komai mazauninsa, na sa tayoyi na hannu, na aro batir. Na murɗa makulli ta yi tari, na sake ta yi atishawa, salansa ta fesar da baƙin hayaƙi da gashin kaji. A na gaba sai ta kama, da wata irin murya mai kauri da na manta na taɓa sani. Awaki suka tsinke igiya. Ina cikin taka totur sai ga Inna ta fito daga ɗaki ko takalmi babu, carbi a hannu, ta tsaya tana saurare.

"Ita ce," ta ce. "Da wannan ƙarar nake sanin ya shigo unguwa, in tashi in cika masa buta."

Ta goge ido da gefen mayafinta ta koma ciki. Ni kuwa na ji kaina ya kumbura ya fi ƙarfin hulata. Da Yaya Sani ya zo ya zagaya ta, ya shuri taya da ƙafa, ya ce, "Tashi daban, tafiya daban." Na ce masa ya fara neman wani filin.

Abu ɗaya ya rage, lagireto, wato tukunyar ruwan da ke sanyaya inji. Da na buɗe ta, ruwan da ya fito ja ne kamar na kududdufi, tsatsa ce zalla. Turawan bidiyo wani magani suke zubawa daga kwalba, wanda babu shi a garinmu. Na zauna na yi nazari irin na malamin kimiyya, na tambayi kaina mene ne ke cin datti a gidan Bahaushe. Amsa ta zo nan take: kanwa. Na jiƙa ta da yawa na cika lagireto. Ta kuwa yi aiki, har ya wuce yadda nake so, domin ashe tsatsar nan ita ce ta toshe ƙananan hudojin da shekaru suka yi. Ranar Juma'a, gobe ɗaurin aure, na fito na tarar ƙasan motar ya jiƙe sharkaf, ruwa na ɗiga ta ko'ina kamar daga rariya.

Akwai mai liƙin lagireto a bakin tasha. Da na kwance ta na ɗora a mashin, da kafin Magariba an gama an mayar. Na san haka sarai. Amma bakin tasha ba a ɓoye magana, kafin in dawo gida duk gari ya ji cewa hannun bare ya taɓa motar Baba. Na tsaya a gabanta ina cizon leɓe, sai na tuna hirar da direbobin manyan motoci ke yi a majalisa, cewa in lagireto ya fara yoyo a tsakiyar daji, wani ƙwai yake fasawa a ciki, wani garin taba, wani kuma ɗan garin kuka, ya lallaɓa ya kai gari na gaba. Ƙwai na ga ƙazanta ne, taba kuma ba ta shiga gidanmu. Kuka dai ita ta kwanta min, don yauƙinta zai bi kowace kafa ya liƙe. Na kuma yi lissafi mai kyau: in huda ɗaya tana son cokali guda, to hudoji barkatai fa?

Na shiga madafa na sunkuci babban gwangwanin kukar da aka daka don abincin biki.

"Malam, ina za ka da kukar mutane?" in ji Zulai.

"Aikin maza ne," na ce mata, na wuce.

Na juye fiye da rabi. Ruwan kanwar da ya rage a ciki ban zubar ba, na ce a bar shi ya ci gaba da wanki, na ƙara ruwa na rufe. Ruwa, kanwa, kuka, sai kuma wuta a ƙasa. Ni da nake cin abin nan kusan kowace rana tun da aka yaye ni, wallahi ko kaɗan tunanina bai kai can ba. Na ta da injin na ɗan lokaci na kashe, na leƙa ƙasa, ɗiga ta tsaya cak. Na miƙe ina mamakin yadda ƙasar nan take asarar masu basira irina a ajin firamare.

Ranar Asabar da safe aka ɗaura aure. Bayan La'asar aka fito da amarya, lokacin bazara ne, zafi kamar a gasa mutum. Na goge motar tana sheƙi, 'yan mata sai hoto suke ɗauka a jikinta. Gwaggo Tasalla, ƙanwar Baba, ita ce mai riƙe amarya, kuma ba ƙaramar mace ba ce. Da ƙyar aka naɗe ta a kujerar baya, gwiwoyinta a haɓarta, tana tsine wa Baturen da ya ƙera motar da ba a yi ta don masu zumunci ba. Rakiya a lulluɓe aka zaunar da ita kusa da ni tana kukan da amare suka saba.

"Yau na ga abin da ya ishe ni," in ji Gwaggo. "Amarya a gaba kamar yaron mota!"

Motocin abokan ango suka jeru a baya, na ce ni zan ja gaba. Da muka fita gari muka bar duwatsu a bayanmu, na ba ta wuta, ta kuwa amsa. Ta kwanta a titi tana gudu ba girgiza, na wuce wata tirela kamar tana tsaye, motocin zamanin nan da ke biye da mu suka koma 'yan ƙanana a madubi. Ba zan ɓoye ba, ban taɓa jin daɗi a rayuwata kamar na wannan ɗan taƙin ba. Har magana nake yi wa Baba a zuci, ina ce masa ya ga ɗansa.

Mun wuce Babaldu kaɗan sai Gwaggo ta fara shinshine-shinshine.

"Wa ke girki a dajin nan?"

"Daga ƙauye ne, Gwaggo, iska ce ke kawowa."

Na saci kallon allurar zafi, na ga ta bar tsakiya tana hawa. Na ƙwanƙwasa gilashinta da yatsa na ce a raina tsohuwar allura ce, ba a biye mata. Can kuma sai na fara jin wani sauti daga gaba, ɓal-ɓal-ɓal, irin wanda kowa ya sani in ya taɓa wucewa kusa da murhu. Rakiya ta dakata da kukanta ta ce a hankali daga cikin mayafi, "Yaya, ƙafata zafi take ji."

Nan ya kamata in tsaya. Da na gangara gefen titi na kashe ta, da injin ya tsira, ko da kuwa amarya ta ƙarasa a wata motar. Amma sharaɗin ƙofar gida ne, ni na gindaya shi, kuma na san da na tsaya za a buga wa Yaya Sani waya. Maimakon birki sai na ƙara taka totur, wai in riga zafin isa Gwaram.

Mun shiga gari allura tana kwance a kan ja. Na karya kwana na shiga layin gidan su ango, gidan malamai ne, da masallaci a gabansa. Ga ƙofar gidan ina hango ta, mata sun cika ta, har an fara guɗa. Sai motar ta yi wata ƙara kamar an jefa guduma a cikin tukunyar ƙarfe, ta yi tsalle ɗaya, ta mutu. Daidai ƙofar masallaci, inda dattawan gidan ke zaune a kan tabarmi suna jiran Magariba. Da zan jefa dutse daga inda nake, da ya faɗa cikin zauren.

Na fito da saurina na ɗaga bonet, tururi ya turnuƙe. Mutane suka taso suka kewaye mu, samari suka ɗaga wayoyi. Kawun ango, wanda shi ne limamin masallacin, dattijo mai farar riga da farin rawani da farin gemu, ya taso da butarsa ya matso kusa da ni.

"Sannu, ɗana," ya ce. "Ƙishirwa take ji. Ga ruwa, ba ta."

Babu bidiyon da na kalla da bai ce kada a buɗe lagireto da zafinsa ba. Ni kaina na koya wa yara abin da tururi ke yi in aka matse shi. Amma ga jama'a, ga surukai, ga wayoyi, ina so a ga mutumin da ya san abin da yake yi. Na cire hulata na ɗora a kan murfin, na ce, "A ɗan ja baya," da muryar gwani, na murɗa.

Abin da ya fito ba ruwa ba ne. Wani abu ne kore shar mai kauri, ya yi sama da ƙugi, ya daki cikin bonet, ya watsu ya dawo mana kamar ruwan sama. Ya wanke min fuska da riga, ya bi gilashin motar yana gangarowa a hankali. Hannuna ya ƙone amma ban ji ba sai daga baya. Liman, Allah ya taimake ni, bai ƙone ba don ya ɗan ja baya, amma farar rigarsa tun daga kafaɗa har ƙasa ta koma kamar an yi mata zane, rawaninsa na ɗiga, gemunsa na ɗiga. Guɗa ta tsaya. Wurin ya yi shiru, ba ka jin komai sai tafasar abin da ya rage a ciki.

Liman ya kai hannu gemunsa ya lakato, ya murza tsakanin yatsu biyu, ya raba su. Abin ya miƙe bai tsinke ba. Ya kai hanci ya shinshina, ya dube ni da mamaki irin na tsakani da Allah.

"Ikon Allah. Ɗana, wannan ai miyar kuka ce."

Gwaggo Tasalla ta turo kai ta taga. "Wallahi ita ce, Malam, har kanwa ta ji! Tun Babaldu nake faɗa ana ce min ƙauye ne."

Daga bayan taro wani ya ce, "Saura daddawa!" Wani ya karɓa, "A shiga gida a ce a kawo tuwo!" Sai wurin ya fashe. Samari na riƙe ciki, mata a ƙofar gida na tafa hannu, dattawa na rufe baki da hannun riga kafaɗunsu na rawa. Na tsaya da hula a hannu miya na bin wuyana, ina roƙon ƙasa ta tsage in shige, ƙasar Gwaram kuwa ta ƙi.

Da Liman ya yi faɗa, da ya fi min sauƙi. Sai ya yi murmushi, don ya rufa min asiri, ya ce wa jama'a, "Ba komai, albarka ce. Amaryarmu ta zo da miyarta." Da alheri ya faɗa, amma maganar dattijo ba ta faɗuwa ƙasa.

Abokan ango suka ce bari su tura motar zuwa ƙofar gida. Nan take na fara tunanin ko turawa ma za ta shiga lissafin kaiwa, tunda ban ce da injinta za ta kai ba. Gwaggo ta katse min hanzari.

"Ba a tura 'yar ɗan'uwana gidan miji kamar kaya a amalanke. Ku fito da ni!"

Sai da mata biyu suka taru suka zaro ta. Ta kama hannun Rakiya suka taka da ƙafa, gefen lulluɓin amarya yana jan koren abin nan a ƙasa, ana ta ƙoƙarin guɗa dariya na katse ta. Rakiya na kuka, kuma na san muryarta, wannan ba kukan al'ada ba ne. Ta wuce ta gabana ko juyowa ba ta yi ba.

Ranar na'ibi ne ya ja sallar Magariba, Liman yana cikin gida yana wanka. Bayan an idar na koma wajen motar na murɗa makulli, ko motsi. Na zaro sandar gwada mai, ta fito da kore a jikinta. Top, wato kan injin, ya tsage, fistin sun sake mannewa, wannan karon da wuta. Aikin da na yi tun daga damina na ƙona shi da ƙafata ta dama. A motar 'yan rakiya na dawo, a matse tsakanin ƙawayen amarya, kowace ta toshe baki da gyale.

Bidiyon ya riga ni isa Birnin Kudu. Na tarar da Yaya Sani a kujera a ƙofar gida, kuma bai yi dariya ba.

"Sannu da hanya, Injiniya. Ta kai ƙofa?"

"Saura ƙiris, Yaya."

"Ban tambaye ka saura ba. Ta kai?"

Na ratse shi na shige gida. Washegari da sassafe na shiga wajen Inna na durƙusa, hannuna naɗe da bandeji, ina jiran ta faɗi kalmomin nan nata da suka tsare motar shekara da shekaru.

"Ni na hana, kuma da ina nan ina hanawa har in koma ga Allah," ta ce. "Kai ka ba da ita da bakinka, a gabana, na kuma tambaye ka ko ka ji abin da ka faɗa. In na tashi maganarka yau, gobe wa zai ƙara ɗaukar maganarka da nauyi a gidan nan?"

Wato don ta tsare min mutunci ta bari aka tafi da abin da ya rage mata na mijinta, kuma ni na sa ta a wannan tsaka mai wuya.

Motar ba ta sake shigowa gidanmu ba. Yaya ya ce babu dalilin jawo ta, 'yan gwangwan suka same ta can Gwaram suka yi aikinsu. Ban je ba. Amma wata rana ina tsaye a bakin titi ina jiran in tsallaka zuwa makaranta, sai ga wata babbar mota shaƙe da tarkacen ƙarfe ta nufi Kano, a can sama tsakanin tsofaffin gadaje da kwanon rufi ga jar ƙofa guda ɗaya tana lilo. Na san ta, ni na goge ta da hannuna. Na tsaya har ta ɓace, na shiga aji na ba yara aiki na zauna ina kallon bango.

Rakiya yanzu har ta haihu, amma a dangin mijinta ba ta da suna sai Mai Miya, yara ma haka suke kiran ta. Ta ce ta yafe min, na kuma yarda, sai dai tun daga ranar ba ta sake shiga abin hawan da nake tuƙawa ba, ko da mashin ne. Sito kuwa ya tashi, da ƙofar ƙarfe da babban kwaɗo. Ranar da magina suka zo aunawa na ga Inna ta fito ta tsaya a gindin tsamiya tana kallon ramuka huɗun da tayoyi suka bari a ƙasa. Na matso in ba ta haƙuri, ta riga ni magana ba tare da ta dube ni ba.

"Da ka ƙyale ta, da tana nan."

Mutane kan tambaye ni darasin da na ɗauka, suna jira in ce kada a zuba kuka a lagireto. To, kada ku zuba. Amma abin da ya tsaya min a wuya shi ne, motar nan ta yi shekara ashirin a mace babu wanda ya iya sa mata wuƙa, domin ba a yanka mushe. Ni na bi ta da kananzir da guduma da ƙauna har na hura mata rai, sannan ta halatta ga mahauta. Shi ya sa yanzu in na ga abu a kwance yana zaman lafiyarsa, ko da agogon bango ne ya tsaya, sai in zuba hannuwana a aljihu, in kame bakina, in wuce.